Darasi na Tara: Injin da Ke Ƙin Yanka Idan Yana Ja da Baya

A ƙasar Haɗeja ba wanda zai zuba kuɗi ya sayi inji don ya aske ciyawa ya zubar. Ciyawa dukiya ce. Da lauje ake yankanta, a ɗaure dami-dami, a loda wa amalanke ko babur, masu kiwo su saya. A Amurka kuwa, inda gidaje da yawa ke da fili a gaba da baya wanda ake shuka wa ciyawa don ado kawai, akwai wata 'yar mota mai kujera ɗaya da sitiyari da maigida ke hawa ya zagaye filinsa, wuƙaƙe na juyawa a ƙarƙashinta. A Najeriya sai a filin ƙwallo ko harabar wata babbar ma'aikata ake cin karo da irinta.

Abin da ya shigo da wannan mota cikin littafin manoman fadama shi ne wani ɗan maɓalli da aka ɓoye a jikinta. Da direba ya sa giyar baya, maɓallin zai tsayar da wuƙaƙen, ko ya kashe injin ɗungurungum. Dalilin ƙirƙiro shi da yadda mutane suka riƙa yi masa zagon ƙasa sun yi daidai da abin da ke faruwa yau a gonakin shinkafa da alkama na Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma, sai dai injinan nan sun fi na can girma da nauyi.

Yadda aka kai ga maɓallin

Bakin wuƙar wannan inji yana iya gudun da ya haura kilomita 300 a awa. Ƙafar yaro ba ta da abin yi a gaban wannan. Likitocin Amurka sun daɗe suna ganin haɗarin yana zuwa da kama ɗaya: uba ko kaka na kan injin yana aski, yaro ɗan shekara uku ko huɗu ya sulale daga cikin gida ya bi bayansa da gudu don ya hau, ƙarar inji ta hana a ji kiransa, direba ya kai ƙarshen fili ya sa giyar baya bai waiwaya ba. Taya ta kayar da yaron, wuƙa ta hau ƙafarsa. Wanda ya yi ɓarnar kusan kullum ɗan gida ne, kuma ba ya cikin maye ko ganganci. Bai dai san yaron ya fito ba.

Wani bincike da masana na birnin Kolambas a jihar Ohayo suka buga a 2006 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1990 da 2004, a kowace shekara ana kai yara da matasa kimanin 9,400 sashen gaggawa na asibitocin ƙasar saboda raunin injin yankan ciyawa iri-iri. Ba duka ne ta hanyar ja da baya ba. Wasu ƙuna ce, wasu dutse ne wuƙa ta wurgo. Amma raunukan da ke kai ga yanke ƙafar ƙananan yara, da yawansu ta baya suke zuwa.

Gyaran bai zo rana ɗaya ba. Daga 1982 doka ta wajabta cewa injin da ake turawa da hannu dole wuƙarsa ta tsaya cikin daƙiƙa 3 da zarar mai turawa ya saki mariƙi. Daga baya aka sa wa na hawa maɓalli a ƙarƙashin kujera, wanda ke gane ko da mutum zaune ko babu. Sai a 2003 ƙa'idar da masu ƙera injinan suka amince da ita a tsakaninsu ta shigar da sharaɗin hana yanka yayin ja da baya, ta fara aiki a kan injinan da aka ƙera daga Satumba 2004. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar kuma ta tsaya a kan cewa kada yaro ya tura inji sai ya kai shekara 12, kada ya hau na tuƙi sai ya kai 16, kada kuma a goya kowa a kai.

Abin da ke cikinsa

Maɓallin kansa ba wani abin mamaki ba ne. 'Yan ƙarafa biyu ne a cikin akwatin roba da bai kai akwatin ashana ba, da siririn harshe da ke dannuwa. Ana ɗaure shi kusa da sandar giya ko fedar tafiya. Idan aka ja sandar zuwa baya, sai ta taɓa harshen, hanyar wuta ta sauya. A wasu injinan wutar da ke riƙe kulocin wuƙa ce ke yankewa, wuƙa ta tsaya, inji ya ci gaba da aiki. A wasu kuma wutar fulogi ce ake karkatarwa zuwa jikin ƙarfe, inji ya mutu nan take. A injin dizal na zamani, ƙofar mai ce ke rufewa.

Hikimar tana wajen haɗa maɓallan su yi aiki tare. Na kujera yana tambayar ko direba na zaune. Na giya yana tambayar ina aka dosa. Na wuƙa yana tambayar ko tana juyawa. Inji ba zai tashi ba sai giya na firi kuma wuƙa a kashe, ba zai kuma ci gaba ba idan direba ya faɗo ko ya sauka ya bar wuƙa na aiki.

Masu saye ba su yi murna ba. Wanda ke da fili mai bishiyoyi da lungu-lungu yana ja da baya sau da yawa, kuma kowane karo sai ya sake kunna wuƙa. Kamfanoni suka ji tsoron rasa ciniki, don haka ƙa'idar ta bar ƙofa: an yarda a sa wani maɓallin da direba zai danna ya ce ya ji ya gani, a bar shi ya yanka da baya. A injinan John Deere sai an danna ko an ɗaga maɓallin kafin ja da baya, a na Husqvarna kuma ana murɗa makulli ne zuwa wani matsayi na daban. Masu binciken Ohayo suka kawo shawara mai kyau, cewa in dai dole ne a sa wannan maɓalli, to a sa shi a bayan kujera, yadda hannu ba zai kai gare shi ba sai mutum ya juya ya dubi baya. Wasu masu injin kuma ba su tsaya jiran kowa ba, cire wayar kawai suke yi.

Komawa fadama

Noman rani a kwarin Haɗeja ya sauya fuska cikin shekara hamsin. An gama madatsar Tiga a 1974, an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, madatsar Challawa ta biyo baya a 1992. Aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja da ke yankin Auyo ya sami gyara da faɗaɗawa ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa wa, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a farkon 2023. A watan Nuwamba na shekarar, a Haɗeja ministan noma Abubakar Kyari ya ƙaddamar da noman rani na ƙasa, wanda alkama ce kan gaba a cikinsa. Ruwa na kawo gona, gona na kawo inji: taraktoci, injin huɗa na hannu, motar girbi mai tafiya a kan sarƙa, injin sussuka, injin casa, ga injin ban ruwa a kowane lungu.

Manomin da ya girma da shanun huɗa ya saba da abokin aiki mai ido da kunne. Bijimi na jin tsawa ya tsaya, yana ganin yaro ya kauce. Tarakta ba ta da ko ɗaya, kuma ɗabi'un da aka koya a bayan shanu, irin su barin yara su bi kunya suna wasa, su ne ke zama haɗari a bayanta.

Gonakin ban ruwa kuma ƙanana ne, an yayyanka su fangali-fangali, ga magudanai a gefe. Ma'anar wannan ita ce motar girbi ba ta yin doguwar tafiya kafin ta kai iyaka, kuma a kowace kusurwa sai ta ja da baya sau ɗaya ko biyu ta daidaita baki. Direba na zaune a gaba, idonsa na kan shinkafar da yake yanka. A bayansa akwai rumbun hatsi da jikin inji da suka tare masa gani, ga ƙaiƙayi da ƙura na tashi. A daidai wannan wuri da ba ya gani ne masu kala ke taruwa, mata da yara, kowa na son ya riga wani tsintar zangarniyar da ta zube. Motar da ke ja da baya da gudun kilomita 5 kacal a awa tana cin kusan mita ɗaya da rabi a daƙiƙa guda. Macen da ta sunkuya da goyo ba ta da lokacin miƙewa, balle gudu a cikin taɓo.

Yawancin motocin girbi na zuwa daga kamfani da madubi da ƙaho mai kuka da kansa idan an sa giyar baya. Madubin na karyewa a kakar farko. Ƙahon kuma, ko laka ta toshe shi ko wani ya tsinke wayarsa don ya dame shi.

Wanda ya fi kama da injin Amurka shi ne injin huɗa na hannu mai haƙoran da ke juyawa. A nan mutumin da ke bayan inji shi ne direban kansa. Idan ya sa giyar baya haƙoran na aiki, injin ƙafafunsa yake nufa, mariƙin kuma yakan ɗaga sama saboda yadda tayoyi ke turowa. Santsi ɗaya ko tuntuɓe da gaɓar fangali ya isa. Irin waɗannan injinan, musamman masu dizal da ake tayarwa da hannu, ba su da batir balle maɓallin wuta, don haka kariyarsu ta ƙarfe ce: wani ɗan sanda ko ƙugiya a gindin sandar giya da ke hana ta shiga baya muddin haƙora na kunne. Wasu kuma suna da mariƙin da sai an matse shi inji ke tafiya, da an saki ya tsaya cak. Abin da ake yi wa wannan mariƙi sananne ne, ɗaure shi ake yi da robar tsohon tib don hannu ya huta.

A bakin gareji

Ba mugunta ke sa a cire kariya ba, kuma wanda bai fahimci dalilin ba zai yi ta wa'azi a banza. Mai tarakta ana biyansa ne gwargwadon faɗin gonar da ya gama, mai injin girbi ko sussuka kuma sau da yawa da yawan buhuna. Lokacin aiki gajere ne, manoma na layi, tsuntsayen jan baki na cin shinkafa. Maɓallan kuma an ƙera su ne ba tare da tunanin ƙurar hunturu da taɓon fadama ba. Ruwa na shiga, tsatsa ta ci, soso na kujera ya lotse har harshen ya daina dannuwa sosai. Sai mota ta riƙa mutuwa duk lokacin da ta faɗa rami direba ya ɗan ɗaga.

Hirar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Direba zai ce, "Maigida, motar nan ta ishe ni, da na motsa sai ta mutu." Bakanike ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ce, "Suwic ne ya gaji. Babu irinsa a nan sai an aika Kano. Ko in yi maka dairek ka je ka ƙarasa aikinka?" Cikin minti biyar an haɗe wayoyi biyu an naɗe da salatif. Motar ta daina mutuwa. Daga ranar kuma ta ɗauka kullum akwai mutum a kujera, ko da ya faɗo yana ƙarƙashin haro.

Haɗin wucin gadi ba ya zama na wucin gadi, domin motar da ke aiki ba mai komawa da ita gareji. Idan an rasa yadda za a yi, abin da ya kamata shi ne a aika sayen sabon a ranar, a kuma gaya wa duk wanda zai hau motar cewa ba ta da kariya. Sau da yawa ma maɓallin bai mutu ba, wanke shi da goge bakin wayoyinsa ya wadatar.

Ɗan'uwan wannan haɗin waya shi ne tayar da tarakta daga ƙasa. Makulli ya ƙi, sai yaron mota ya tsaya a gaban babbar tayar baya ya haɗa ƙarafan sitata da sukudireba. Yin haka na tsallake maɓallin da ke hana tashi in giya ba ta firi. In an manta mota a giya, tana tashi tana tafiya, kuma abin da za ta fara takawa shi ne wanda ya tayar da ita.

Sandar da ke juyawa a baya

A bayan kowace tarakta akwai gajeren shaf, wanda ake ce wa fiti'o, da ke ba injin sussuka ko na feshi ƙarfi. Gudunsa na yau da kullum zagaye 540 ne a minti, wato 9 a daƙiƙa. Sanda mai kaurin santimita 7 da rabi, a wannan gudu, tana naɗe abin da ya haura mita biyu na igiya ko tufa a daƙiƙa ɗaya. Kafin mutum ya gane an kama shi ya yi yunƙurin janyewa, ta zagaya sau shida ko bakwai. Kaftani, hannun babbar riga, jelar rawani, mayafi, hijabi, duk abincinta ne. Shi ya sa ake yi mata riga ta roba mai kauri wadda ke tsayawa wuri ɗaya yayin da sandar ke juyawa a ciki. Rigar na hana shafa giris cikin sauƙi, don haka ita ma takan ƙare a jingine a bango. Haka murfin bel na injin niƙa da na markaɗe, inda mata da yara ke tsayawa dab da fuli suna jiran ƙullu.

Indiya ta sha wannan darasi da injin sussukar alkama. Bayan noman alkama ya bunƙasa a jihar Fanjab da maƙwabtanta, ma'aikata da yawa suka rasa yatsu da hannaye wajen cusa dami, musamman da dare ko bayan doguwar gajiya. A 1983 ƙasar ta yi doka ta musamman kan injina masu haɗari. Ƙa'idar da aka sa wa injin sussuka mai sauƙi ce: makwararin da ake zuba dami ya kai tsawon santimita 90, kuma a rufe saman santimita 45 na kusa da haƙora. Lissafin tsawon hannun mutum ne kawai. Ba waya, ba batir, ba abin da ƙura za ta lalata. Wannan gyara ne da duk mai walda a Haɗeja ko Malam Madori zai iya yi da guntun farantin ƙarfe, kuma yanzu da alkama ke ƙaruwa a Jigawa, mai sayen injin gida yana da damar ya nemi a yi masa haka tun kafin ya biya. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu juyawa, amma don masana'antu aka yi ta, ba mai zuwa duba injin da ke tsakiyar gona.

Inda inji ba shi da maɓalli

Tsofaffin taraktoci da yawa, irin waɗanda ake kashewa da jan waya, ba a ƙera su da komai daga cikin waɗannan ba. A nan sai tsari ya maye gurbi. Masu kala su jira sai mota ta gama fangali ta fita, mai gona ne kuma ke da ikon faɗin haka, ba direba ba. Yaron mota ya tsaya a gefe inda direba ke ganinsa, ba a baya ba, su yi magana da hannu tunda "Oga, tsaya!" ba ta ratsa ƙarar dizal. In direba ya daina ganin yaronsa, ya taka birki. In bakin motar girbi ko injin sussuka ya cushe, a kashe inji, a cire makulli a sa a aljihu, a jira komai ya daina juyawa kafin a sa hannu. Kujerar tarakta kuma ta mutum ɗaya ce, saman taya ba wurin zaman yaro ba ne ko da ɗan mai motar ne.

Idan tsautsayi ya auku, kashe inji ne farko. A danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a zuba ƙasa ko baƙin mai ko toka. In wata gaɓa ta cire, a naɗe ta a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a tafi da ita tare da mai raunin zuwa Babban Asibitin Haɗeja ko asibiti mafi kusa. Raunin gona na buƙatar allurar rigakafin tetanus. Manyan karaya akan tura su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Aikin aji

Ɗalibai su nemi izinin wani mai tarakta ko motar girbi a unguwa, a lokacin da ba ta aiki, inji a kashe, makulli a hannun malami. Mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba yadda zai zauna in yana tuƙi. Wani ya riƙe kara mai tsawon mita ɗaya, kimanin tsayin yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu, ya tsayar da shi a jikin bayan motar, ya riƙa ja da baya taki-taki har sai na kujera ya ce ya hango kan karan. A ja layi a ƙasa, a auna nisan. A maimaita ta hagu da ta dama, sannan a rage karan zuwa tsayin mutumin da ya sunkuya yana kala a sake gwadawa. Kowane ɗalibi ya rubuta awon a littafinsa, ya raba shi da mita ɗaya da rabi don ya fitar da daƙiƙa nawa motar ke buƙata ta cinye wannan fili. Kafin a tashi, a tambayi direba waɗanne maɓallan kariya motar ta zo da su, waɗanne ke aiki har yanzu, kuma nawa ne kuɗin wanda ya mutu a kasuwar kayan gyara.